Sharhi kan hukumar tantance kuratan Suwidin: a doka tilas ne, a aikace zaɓe ne

Hukumar da ake kira Plikt- och prövningsverket ba rundunar soja ba ce, hukumar farar hula ce a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Suwidin, amma duk matashin ƙasar da zai shiga horon soja sai ya bi ta hannunta. Aikinta shi ne ta tace waɗanda suka kai shekara 18, maza da mata, ta fitar da waɗanda za a horar, ta faɗa wa kowa aikin da zai yi da barikin da zai je. Ita ce kuma ke gwada masu neman shiga makarantar 'yan sanda. Masu hulɗa da ita kashi biyu ne, kuma bukatunsu sun sha bamban: ga matashi da iyayensa da ke son a yi musu adalci a kuma faɗa musu gaskiyar abin da ke gabansu, ga rundunar da ke son a turo mata mutanen da za su kai ƙarshen horo. Ta fuskokin nan biyu muka auna ta. A wajen tacewa da wuya a samu wadda ta fi ta. A wajen raba nauyi tsakanin sa'anni kuwa da sauran rina a kaba, kuma matsalar ƙaruwa za ta yi muddin ana ƙara yawan kurata.

Abin da ya sa Suwidin ta dace da wannan nazari shi ne ta ɗanɗana hanyoyin biyu a ɗan ƙanƙanen lokaci. Tun 1901 aikin soja wajibi ne a kan maza, kuma a zamanin yaƙin cacar baka kusan mutum 50,000 ake horarwa duk shekara. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka yi ta zaftare adadin, har ranar 1 ga Yulin 2010 aka jingine tilas ɗin a lokacin zaman lafiya. Jingine shi aka yi, ba a soke dokar ba, abin da ya zo ya yi rana daga baya. Aka koma ga 'yan sa-kai: horon farko na wata uku, sannan kwantiragi da albashi. Rundunar na bukatar sabbin mutane 4,000 a shekara, abin da take samu bai fi 2,500 ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Albashin bai kai na kamfanoni ba, barikoki da dama suna nesa da manyan birane, kuma da yawa daga waɗanda suka shiga suna ajiye aikin kafin kwantiraginsu ya ƙare. Zuwa 2016 giɓin ya kai wajen sojojin dindindin 1,000 da na wucin gadi 7,000. A tsakanin nan jiragen yaƙin Rasha suka yi atisayen kai hari kusa da sararin samaniyar Suwidin a Maris 2013, Rasha ta mamaye Kirimiya a 2014, sai ranar 2 ga Maris 2017 gwamnati, da Peter Hultqvist a matsayin ministan tsaro, ta dawo da tilas ɗin. Rukunin farko ya shiga bariki a 2018.

A lura, tsarin sa-kai bai samar da sojoji marasa inganci ba. Ƙarancinsu ne matsalar, da kuma rashin mutanen da za a kira idan yaƙi ya ɓarke. Rundunar albashi mutum ɗaya take riƙewa shekara da shekaru a kujera ɗaya. Tsarin tilas kuwa duk shekara yana yaye sabon rukuni ya mayar da su gida da horo a jikinsu: mutum 8,000 sau shekara 10 ya zama 80,000 da aka san sunansu, aka san bataliyarsu. Wannan lissafin ne ya dawo da hukumar bakin aikinta na asali.

Matakin farko takarda ce. A shekarar da ɗan ƙasa zai cika 18, wasiƙa za ta zo masa ta ce ya shiga intanet ya cike fom da shaidarsa ta lantarki. Tambayoyin sun shafi lafiya, tsawo da nauyi, yawan motsa jiki, karatu, halayya, ko ya taɓa samun matsala da doka, sai kuma tambayar da ta fi jan hankali: yaya yake ji game da yin horon soja. Amsa wajibi ce. Wanda ya ƙi cikewa ko ya shirga ƙarya yana iya shan tara. Sama da matasa 100,000 ke samun wannan wasiƙa duk shekara. A zagayen farko bayan dawo da tilas ɗin 13,000 aka kira gwaji aka ɗauki 4,000. A 'yan shekarun nan waɗanda ake kira sun ninka haka, waɗanda ake ɗauka kuma sun kai wajen 8,000. Wato rariya ce mai hawa uku, kuma hawan farko, wanda ya fi zubar da mutane, ba ya cin kuɗin kirki domin ba likita, ba ɗaki, ba tikitin jirgi.

Fom ɗin yana da sauƙin cikewa, wannan a yaba. Rauninsa shi ne ya dogara ga abin da mutum ya faɗa game da kansa, kuma ƙarya ta fuska biyu take zuwa. Mai gudun aikin yana ƙara wa ciwonsa gishiri. Mai ɗokin shiga yana ɓoye asma ko tsohon rauni a gwiwa, kuma shi ne ya fi jawo asara, domin idan ya zille wa likita, ciwon zai fito a makonnin farko na tafiya da kaya a baya, a sallame shi, gurbinsa ya zauna babu kowa har shekarar ta ƙare. Hukumar na iya neman takardar likita kan abin da aka rubuta, wannan ya rage ta farkon, amma bai taɓa ta biyun sosai ba. Akwai kuma tazarar lokaci. Yawancin kurata suna shiga bariki ne bayan sun gama sakandare, suna da shekara 19. Yaron da ya ce yana so yana ɗan 17 da 'yan watanni, kafin ranar ta zo ya samu aiki ko gurbin jami'a ko masoyiya, ra'ayi ya canza, amma hukuncin yana nan.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin, ranar gwaji, wadda kan ɗauki yini guda, wani lokaci ta kai biyu. Hukumar ke biyan kuɗin tafiya da abinci, da masauki ga na nesa. Manyan cibiyoyinta suna Stockholm da Göteborg da Malmö, duk a rabin ƙasar na kudu, shi ya sa aka daɗe ɗan Kiruna a can ƙuryar arewa sai ya keta fiye da kilomita 1,200 kafin a auna masa jini. Abin mamakin shi ne a arewan ne wasu manyan barikoki suke, irin su Boden da Arvidsjaur.

Akwai jarrabawar basira a kwamfuta: fahimtar kalmomi, bin ƙa'idar tunani, da iya juya siffofi a zuci, misali a nuna takarda a shimfiɗe a tambayi wane akwati za ta zama idan aka naɗe ta. Maki daga 1 zuwa 9 ne, 5 ne tsakiya, kuma wajen kashi 4 cikin 100 ne kawai ke samun 9. Ba jarrabawar da ake haddacewa ba ce. Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin barci da tsallake umarnin da ke gaban kowane sashe. Makin nan yana da nauyi fiye da yadda matasa ke zato, domin shi ke buɗe ko rufe ƙofar zama shugaban rukuni, ko aikin sadarwa, ko na fassara.

Sai duba lafiya: tsawo, nauyi, hawan jini, bugun zuciya, gani, bambance launuka, da ji. Gwajin ji a ɗaki mai shiru ake yi, da abin sauraro a kunne, mutum ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Wanda ya kwana a gidan rawa ko ya taho da kiɗa a kunne har bakin ƙofa zai iya fito da sakamakon da bai kai jinsa na gaskiya ba, domin ƙara mai ƙarfi na dakushe kunne na wasu sa'o'i. Haka abin sha mai sa kuzari ke ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Mai tabarau ya zo da shi, mai tarihin ciwo ya zo da takardun asibiti, in ba haka ba hukuncinsa zai tsaya jiran takarda.

Gwajin ƙarfi da na'ura mai suna Isokai ake yi. Sanda ce da ake ɗagowa daga wajen gwiwa zuwa kafaɗa, kuma na'urar ce ke ƙayyade saurin, abin da take aunawa shi ne ƙarfin da aka sa a duk tsawon ɗagawar. Saboda haka fizga ba ta da amfani. Kuskuren da aka fi yi shi ne ja da hannuwa kaɗai da lanƙwasa baya, alhali ƙarfin daga ƙafafu da ƙugu yake tasowa, hannu ya ƙarasa. Gwajin juriya kuma a kan keken da ba ya tafiya ne, nauyin feda yana ƙaruwa sannu a hankali har mutum ya gaza, ana kallon bugun zuciyarsa. Wanda ya saba gudu amma bai saba keke ba yakan tarar cinyoyinsa sun mutu kafin numfashinsa ya ƙare, don haka 'yan makonni na tuƙa keke kafin ranar suna da amfani. Mai zazzaɓi ko mura mai ƙarfi ya nemi a sauya masa rana. Matsa wa zuciya da ciwo a jiki haɗari ne, ba jarunta ba.

Hira da masanin halayyar ɗan Adam ita ce tashar da ta fi ba matasa tsoro, kuma a ganinmu ita ce mafi daraja a duk ranar. Ana tambayar mutum makaranta, abokai, yadda yake yi idan abubuwa sun cakuɗe masa, barasa da ƙwayoyi, ko ya taɓa jagorantar wasu. Maki biyu ke fitowa: iya jure matsin aikin, da dacewa da shugabanci. Amsar da aka shiryo daga gida ba ta cika tsayawa ba, domin za a ce kawo misali, sannan a bi misalin da tambaya. Dole dai a faɗa cewa hukuncin mutum ɗaya ne cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma matashi mai kunya, ko wanda harshen Suwidin ba shi ne na gidansu ba, yana iya fitowa ƙasa da yadda yake.

A ƙarshe jami'in rajista zai ɗora makin mutum a kan sharuɗɗan kowane aiki, domin kowane gurbi, daga direban tanka zuwa mai dafa abinci zuwa sojan kundumbala, yana da mafi ƙarancin makin da yake bukata. Ana tambayar mutum abin da yake so, amma bukatar rundunar ce ke gaba. Sakamako uku ne: a rubuta shi ga horo, a ajiye shi cikin 'yan jiran tsammani da za a iya kira idan hali ya ɓaci, ko a ce bai dace ba. Ana iya neman a ɗage lokacin shiga ko a sake duba hukuncin, amma sai da hujja. "Ba na so" ba hujja ba ce.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Saboda an tambaye ka ra'ayinka a fom, sai ka ɗauka kana da zaɓi. Ba ka da shi. Ra'ayi ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake dubawa, kuma da zarar an rubuta sunanka, ƙin zuwa laifi ne da ke jawo tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ya fi haka idan ƙasa na cikin shirin yaƙi. Wanda imaninsa ya hana shi ɗaukar makami a kan wani yana iya neman a ba shi matsayin marar makami, kuma tun Janairun 2024 an farfaɗo da hidimar farar hula a fannoni irin su aikin ceto da wutar lantarki. Hukumar tana faɗin duk wannan a bayananta, ba ta ɓoye ba, sai dai shekarun farko da kusan duk wanda aka ɗauka mai so ne sun bar wa jama'a tunanin cewa abin na ganin dama ne.

Me kurtu ke samu? Horon yakan ɗauki wata 9 zuwa 15, gwargwadon aikin, mafi tsawo na masu shugabanci ne. Abinci, kaki, makwanci, magani har da na haƙori, da tafiya gida lokacin hutu duk kyauta ne. Har zuwa 2025 alawus ɗin krona 146 ne na kuɗin Suwidin a rana, wato krona 4,380 a wata mai kwana 30, sai wani dunƙulallen kuɗi idan an kammala. Doka ta hana a kori mutum daga aiki saboda ya tafi horon, kuma ana iya ajiye masa gurbin jami'a. Bayan nan ba a rabu ba. Ana sanya shi a wata bataliya ta lokacin yaƙi, wajibcin yana kansa har shekara 47, kuma ana iya kiransa sabunta horo, wanda doka ta ƙayyade kada ya wuce kwana 34 a shekara, jimillar horon duka kuma kada ta wuce kwana 700.

Alawus ɗin nan shi ne inda masu goyon bayan sa-kai ke da babbar hujja. Sa'an kurtu da ba a ɗauka ba yana aiki yana karɓar ninkin wannan kuɗi sau da yawa, ko ya riga shi shekara guda a jami'a. Bambancin haraji ne da ba a rubuta ba, kuma ƙasa da mutum ɗaya cikin goma ke biyansa. Irin wannan hujja ce kwamitin Gates, wanda shugaban ƙasa ya naɗa don nazarin batun, ya kafa a Amurka a 1970, har aka daina tilas a can a 1973. Suwizalan ta rage wannan rata da karɓar kashi 3 cikin 100 na kuɗin shigar namijin da bai yi aikin ba. Suwidin ba ta karɓar komai daga kashi 90 da suka tsira. Abin da ke rufa wa tsarin asiri shi ne zaɓen ya zama abin alfahari, masu ɗaukar ma'aikata suna ganin ƙimarsa, don haka da yawa suna kallonsa a matsayin riba. Amma wannan yana tafiya ne idan masu so sun fi guraben yawa. An tsara kai adadin 10,000 zuwa 2030, sannan 12,000 bayan haka. Masu so kuma masu lafiya ba sa ƙaruwa don majalisa ta ƙara lamba. Kowane ƙarin dubu daga cikin marasa so zai fi fitowa, kuma kurtun da ba ya so shi ya fi yawan zuwa asibitin bariki, shi ya fi barin horo a tsakiya.

Batun mata ma haka yake. A doka babu bambanci, a bariki ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, saboda ƙarancin masu nuna sha'awa a fom da kuma sharuɗɗan ƙarfi na wasu guraben. Majalisar wakilan kurata, Pliktrådet, ta sha kokawa kan kaki da sulke da ba a ɗinka daidai jikin mata ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: sulken da bai zauna ba yana goge fata, jakar da ta fi ƙarfin tsawon baya tana jawo rauni.

Wannan laifin ba na hukumar tantancewa ba ne, kuma shi ne iyakar abin da za ta iya. Tana iya tace mutum 12,000 gobe, amma horar da su sai da hafsoshi da sajan-sajan, da ɗakunan kwana, da filin harbi. An rufe barikoki da yawa bayan yaƙin cacar baka, sai ga shi ana sake buɗewa: Gotland a 2018, sannan Falun, Sollefteå, Kristinehamn da wasu a 2021 da 2022. Gini yana tashi cikin shekara biyu, gogaggen hafsa kuwa sai ya shekara goma.

Idan aka kwatanta da maƙwabta, Norwe kusan tagwaye suke da Suwidin, ita ma fom sannan gwaji, kuma ta riga ta saka mata tun 2015. Denmak tana cike abin da 'yan sa-kai suka bari da ƙuri'a, wanda ya fi adalci a ido amma ba ya zaɓo wanda ya fi dacewa. Finlan ba ta zaɓe: duk namiji mai lafiya zai yi kwana 165 ko 255 ko 347, ko hidimar farar hula ta kwana 347, shi ya sa ƙasa mai mutum miliyan biyar da rabi take da rundunar yaƙi ta 280,000. A can ba wanda zai ce don me ni ban da wane, sai dai mata su sa-kai ne. Wanda bukatarsa yawa ce, Finlan ce abin koyi. Wanda ke son inganci da kuɗi kaɗan, Suwidin. Kuma ko ɗaya bai kawar da sojan albashi ba, domin wata 15 ba ya yin matuƙin jirgin yaƙi ko injiniyan jirgin ƙarƙashin ruwa. Hasali ma daga cikin kuratan nan rundunar ke samun masu zama dindindin, abin da ta kasa samu da talla tsakanin 2010 da 2017.

Duk ƙasar da ke sha'awar kwaikwayon wannan tsari ta fara duba abin da yake tsaye a kai: rajistar jama'a da ta san kowane ɗan shekara 18 da adireshinsa, lambar shaida da Suwidin ke ba kowa tun 1947, bayanan asibiti da za a iya gaskatawa, da jami'an da ba a saye. Inda ake sayen takardar likita, tilas mai zaɓe ta fi kowane tsari muni, domin 'ya'yan masu hali za su zube tun a fom, a bar talaka da kaki. Amurka ta ga irin haka a 1863, lokacin da dala 300 ke fansar mutum daga kiran yaƙin basasa.

Ga matashin da aka riga aka rubuta, abu ɗaya ne ake yawan sakaci da shi: watannin da ke tsakanin gwaji da shiga bariki. Duk ciwo ko rauni ko sabon magani da ya shigo a wannan tazara, a sanar da hukumar nan take da takardar likita, domin tana iya sauya masa aiki ko ta ɗage masa lokaci. Ya kuma fara tafiyar ƙasa mai nisa da jaka a baya, yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan duk mako, domin raunin ƙwauri da gwiwa da tafin ƙafa na makonnin farko yawanci daga ɗora wa jikin da bai saba ba kaya a lokaci ɗaya yake zuwa.